Sakaya Suna: Zaɓen Laƙabin Jariri Namiji da Yadda Laƙabi Yake Tsufa a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda Hausawa suke zaɓa wa jariri namiji laƙabin da zai riƙa tafiya tare da sunansa na yanka, inda ta nuna cewa zaɓen ba a sake yake ba kamar yadda ake ɗauka, domin shi kansa sunan yankan, da mutumin da aka yi wa takwara, da bakunan da kunya ta hana su furta sunan, su ne suke yanke abin da zai yiwu a zaɓa. Abin da takardar ta fi mayar da hankali a kai shi ne cewa laƙabi yana tsufa, wato yakan fara a matsayin mayafin da ake rufe suna da shi, sannu a hankali ya manne wa sunan har ya koma suna mai cin gashin kansa, daga nan kuma gidan ya shiga neman wani sabon mayafin.

Gabatarwa

Sunan yanka shi ne sunan da ake raɗa wa jariri da safiyar kwana na bakwai da haihuwarsa, kuma an kira shi haka ne saboda ragon da ake yankawa a wannan rana da niyyar sunan. Mahaifi ne yake da ikon zaɓensa, ko da yake sau da yawa yakan bar wa mahaifinsa ko wansa ko malaminsa don girmamawa, sannan liman ya sanar da shi a ƙofar gida da sassafe, a yi addu'a, a raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita domin na cikin gida su ji, wanzami kuma ya zo ya yi askin suna. Littattafan da suka yi bayanin al'adun haihuwa na Hausawa sukan kawo wannan tsari daki-daki. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne suna na biyu, wanda ba a yanka masa rago, ba a tara maza dominsa, ba a kuma shafa masa fatiha, alhali shi ne wanda yaron zai fara ganewa a matsayin nasa, shi zai amsa a tsakar gida da makarantar allo, wani lokaci ma da shi za a yi sanarwar rasuwarsa bayan shekara 70, har maƙwabta su tsaya suna tambayar juna ainihin sunan mamacin.

Kalmomi uku ne suke yawo a wannan fage, kuma masu magana sukan cuɗanya su. Laƙabi, wanda aka aro daga Larabci, shi ne duk wani suna da aka liƙa wa mutum bayan na yanka, ko don yabo, ko don siffantawa, ko don tuna yanayin da aka haife shi. Inkiya ta fi karkata ga sunan da abokai ko abokan sana'a suke sanya wa mutum bayan ya tasa, don haka ba ta cikin abin da takardar za ta bi. Alkunya kuwa a Larabci tana nufin kiran mutum da Abu wane, wato uban wane, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta tarar da kalmar kunya, wadda take kama da ita a furuci, ta raɓe ta, har ma'anarta ta koma kawaicin da ake yi wa mutum ta hanyar ƙin ambaton sunansa da makamantan haka. Aikatau ɗin da ya dace da wannan aiki shi ne sakayawa, domin idan aka ce an sakaya sunan yaro, ana nufin an lulluɓe shi da wani abin kira ba tare da an kawar da shi ba, kuma a kan wannan kalma aka ɗora takardar.

Bakunan da ba sa faɗin suna

A gidan Bahaushe na gargajiya akwai bakunan da aka san ba sa furta wasu sunaye. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, al'adar da ta fito fili a littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda aka buga a 1954, wanda kuma tarihin rayuwar wata Bahaushiya ne kamar yadda ta bayar da bakinta. Matar aure ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kuma faɗin na surukinta, wato mahaifin mijin, ko da kuwa wani can daban take nufi mai irin sunan. Ɗa ba ya kiran sunan mahaifinsa gatsau, haka shi ma almajiri ba ya kiran na malaminsa.

Matsalar tana tasowa ne saboda wannan kawaici yana cin karo da wata al'adar da ita ma girmamawa ce, wato yin takwara. Takwara shi ne mai suna iri ɗaya da na wani, kuma babu karamcin da magidanci yake yi wa mahaifinsa da ya kai ya mayar da sunansa ga ɗansa namiji, musamman idan tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Saboda haka a safiya ɗaya sai a raɗa wa jariri sunan da mahaifinsa ba zai iya faɗa ba domin na ubansa ne, mahaifiyarsa ba za ta iya faɗa ba domin na surukinta ne, kakarsa ma ba za ta iya faɗa ba domin na mijinta ne, kuma waɗannan ukun su ne suka fi kowa buƙatar kiran yaron safe da yamma. A nan ne laƙabi yake tashi daga ado ya zama larura. Wannan ne ma ya sa galibi mata ne suke zaɓensa, kaka ko goggo ko uwar goyo, a ɗakin maijego, wani lokaci tun kafin ranar suna idan an riga an ji wanda za a yi wa takwara.

Akwai ƙarin dalili da ya keɓanta da 'ya'ya maza, wato sunan Manzon Allah (SAW). Babu sunan da ya kai Muhammadu yawa a tsakanin maza, kuma iyaye da yawa suna ganin bai dace ba a haɗa wannan suna da tsawa ko zagi, alhali yaro ba ya girma ba tare da an daka masa tsawa ba. Laƙabi a nan garkuwa ce ga sunan: uwa ta iya ce wa Sani ko Bello duk abin da fushi ya kawo mata, sunan yankan kuwa yana gefe ba a taɓa shi ba. Ta fuskar shari'a malamai ba su ga laifin laƙabi ba matuƙar ba na aibantawa ba ne, domin abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah ya kira Sayyidina Aliyu da Abu Turab, ya kuma kira ƙaramin ƙanen Anas ɗan Malik da Abu Umair tun yana yaro, wanda shi ne hujjar masu cewa ana iya yi wa ƙaramin yaro alkunya.

Gutsure suna

Hanya mafi sauƙi ta samar da abin kira ita ce gutsure sunan yankan a daidaita shi da harshen Hausa. Ibrahim ya koma Iro ko Ibro, Adamu ya koma Ado, Jibrin Jibo, Idrisu Idi, Sulaimanu Sule, Salihu Sale, Iliyasu Ilu, Usmanu Mani, Zakariyya'u kuma ya bayar da biyu, Zakari daga gaba, Ya'u daga baya. Abubakar yakan zama Habu, inda aka ƙara baƙi a farkon kalmar, ya zama Bukar a Barno, ya zama Buba a bakin Fulani. Sunayen da suka fara da Abdu suna da nasu tsari, domin ana iya ɗaukar rabin farko ko na ƙarshe, a sami Mumini daga Abdulmumini, Hamidu daga Abdulhamidu, Karimu daga Abdulkarimu, sai Abdullahi da ba a taɓa ɗaukar rabinsa na ƙarshe saboda dalilin da ba ya buƙatar bayani. Bambancin Audu da Abdu kuwa na karin harshe ne, kuma yana bin ƙa'idar nan da masanin harshe Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920, wadda a cikinta baƙin leɓe da ya zo a ƙarshen gaɓa yake komawa wasalin u a Hausar gabas, kamar yadda Bakano yake cewa sauro da aure da zauna a inda Basakkwace yake cewa sabro da amre da zamna. Shi ya sa Audu ya fi yawa a Kano da Zariya, Abdu kuma a Sakkwato da Nijar.

A kan gutsurarren sunan akan sake ɗora ɗafi ko a maimaita gaɓa don nuna so da shagwaɓa, kamar Iroro daga Iro, Alele daga Ali, Ilele daga Ilu, Garbati daga Garba, Abbati daga Abba. Irin waɗannan sunayen lele su ne Paul Newman da Mustapha Ahmad suka yi wa nazarin ƙirar kalma a maƙalar da suka wallafa a 1992.

Sai dai wannan hanya, duk da yalwarta, ba ta biyan buƙatar da aka bayyana a baya. Matar da surukinta yake Ibrahim ba za ta kira ɗanta Ibro ba, domin sunan yana nan a fili, an ma ƙara masa raini ta hanyar gutsure shi. Gutsurarren suna na sa'anni ne da yayye da 'yan unguwa, kuma yakan zo wa yaro da kansa ko gidan ya so ko bai so ba. Akwai ma malaman da suke ƙyamar Mamman da makamantansa, suna ganin ɓata sunan Annabi ne, yayin da wasu iyayen suke ganin sauya furucin shi ne ainihin ladabin, tunda ya nesanta sunan na asali daga bakin mai faɗa.

Sunan da yake zuwa da abokinsa

Hanya ta biyu ita ce mafi armashi ga mai nazari, domin a cikinta ne ake ganin cewa sunan yanka ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa ne da laƙabin da tarihi ya riga ya ɗaura masa. Idan aka raɗa wa yaro Abubakar, gidan bai da nisan nema: ga Sadiku daga Assiddiƙ, ga Atiku daga Al'atiƙ, dukansu laƙubban halifa na farko, ga kuma Garba. Umaru yana tafe da Faruku da Sanda, Aliyu da Haidar da Gadanga, Ibrahim da Halilu, Musa da Kallamu, wanda ya samo asali daga kasancewar Annabi Musa wanda Allah ya yi magana da shi, Yusufu da Maitama, kamar yadda aka san marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, Haruna kuma da Rashidu saboda halifan Abbasiyawa na Bagadaza. Jerin sarakunan daular Sakkwato kaɗai ya isa shaida cewa tsarin ya daɗe: Abubakar Atiku ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842, Ibrahim Halilu ɗan Abdullahin Gwandu ya gaji sarautar Gwandu a ƙarni na 19, Ahmadu Rufa'i ya yi sarauta daga 1867 zuwa 1873, sannan Muhammadu Attahiru shi ne wanda ya yi shahada a Burmi a 1903. Abin lura a gefe shi ne cewa Abubakar ɗin kansa alkunya ce a Larabci, domin sunan yankan sahabin Abdullahi ne. Bahaushe ya karɓi alkunyar ya mayar da ita sunan yanka, sannan ya shiga nema mata abin sakayawa.

Wani rukunin ya samo asali ne daga nasabar manyan malamai da waliyyai, inda ake raɗa wa yaro sunan malamin, a kira shi da sunan garinsa ko danginsa. Muhammadu Buhari yana komawa ne ga mai tara hadisai, mutumin Bukhara da ya rasu a 870, Gazali ga malamin da ya rasu a 1111, Abdulƙadir Jilani ga shehin Ƙadiriyya da ya rasu a Bagadaza a 1166, Abdurrahman Sayuɗi ga malamin Masar da ya rasu a 1505, Ahmadu Tijjani kuma ga shehin Tijjaniyya da ya rasu a Fas a 1815. A ƙarni na 20, bayan alaƙar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da Kano ta yi ƙarfi tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai Ibrahim ya sami sababbin abokai, wato Barhama da Inyass. Irin wannan laƙabi yana yin aiki biyu lokaci guda: yana rufe sunan daga bakin da ba zai faɗe shi ba, yana kuma gaya wa mai sauraro ainihin wanda aka yi wa takwara, har ma da ɗariƙar gidan. Wanda ya ji an kira yaro Barhama ya san sunansa, ya san shehin mahaifinsa, ya kuma san zawiyar da zai same shi da yammacin Juma'a.

Ƙasar Hausa ma ta samar da nata. Shehu kalma ce da ake kiran kowane babban malami da ita, amma da yake almajiran Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya kuma rasu a Sakkwato a 1817, ba sa kiran sunansa sai dai su ce Shehu, sai kalmar ta zama abokiyar sunan Usmanu, ta yadda cikakken sunan shugaban ƙasar Nijeriya na 1979 zuwa 1983 shi ne Shehu Usman Aliyu Shagari. Bello, wanda kalmar Fulatanci ce mai ma'anar mataimaki, ya bi Muhammadu saboda ɗan Shehun, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a Wurno a 1837. Dabo da Cigari sun bi Ibrahim saboda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846.

Muhammadu, da yake shi ne aka fi maimaitawa, ya fi kowa yawan abokai. Ban da siffofin yabo irin su Aminu, Bashiru, Nasiru, Kabiru, Mustafa, Murtala da Inuwa, akwai jerin ƙirga na Larabci da ake amfani da shi idan magidanci ya yi niyyar raɗa wa dukan 'ya'yansa maza Muhammadu: Auwalu, wanda yake fitowa a matsayin Lawal, Lawan ko Lawali bisa yanki, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u da Ashiru.

Dangantaka da yanayin haihuwa

Hanya ta uku ba ta duban sunan ko kaɗan, tana duban matsayin wanda aka yi wa takwara ne a gidan. Yaron da ya ci sunan kakansa shi ne Abba, Baba, Babangida, Abbati ko Mai sunan Baba. Wanda ya ci sunan ƙanen uba ko wan uba shi ne Baffa, wanda ya ci na ɗan'uwan uwa shi ne Kawu, wanda ya ci na malamin mahaifinsa kuwa shi ne Malam ko Mai sunan Malam. Kaka, wadda al'ada ta ba ta damar wasa da jikanta, takan kira shi Maigida ko Ango. Wannan ita ce hanyar da ta fi cika sharaɗin alkunya, domin ba ta bar ko gaɓa ɗaya ta sunan a fili ba, sai dai ba ta bambanta wannan yaro da na maƙwabta, shi ya sa a unguwa ɗaya akan sami Abba da yawa har sai an ƙara da sunan gida ko na uwa kafin a gane wanda ake nufi.

Ta huɗu ta shafi rana da lokaci da matsayin haihuwa, kuma an yi rubutu a kanta da yawa, don haka ambato ya wadatar: Ɗanladi, Tanimu, Ɗantala, Balarabe ko Bala, Ɗanlami, Ɗanjuma da Ɗan'asabe na ranakun mako, Ɗan'azumi, Labaran da Sallau na watan azumi da ranar salla, Tanko ga namijin da ya biyo mata, Gambo ga wanda ya biyo tagwaye, Auta ga na ƙarshe, Dikko da Sambo ga na fari da na biyu a gidajen Fulani. Sunayen 'ya'yan wabi, wato 'ya'yan macen da ƙananan yaranta suke yawan mutuwa, irin su Bawa, Ajuji da Abarshi, su ma sakayawa ce, sai dai ba daga bakin mutane ake ɓoye yaron ba, daga mutuwa ake ƙoƙarin ɓoye shi ta hanyar nuna kamar ba a damu da shi ba. Ko gidan sarauta bai tsira daga wannan ba, domin Macciɗo, laƙabin Sarkin Musulmi Muhammadu da ya yi sarauta daga 1996 zuwa 2006, bawa yake nufi da Fulatanci.

Tsufan laƙabi

Duk laƙabin da ya yi nasara yana ɗauke da sanadin ƙarewar aikinsa. Amfaninsa shi ne ya tsaya a madadin sunan ba tare da ya zama sunan ba, amma yaron da aka kira Garba tun yana cikin zanen goyo zai girma, ya yi aure, ya zama Malam Garba ko Alhaji Garba, kuma matarsa da surukarsa za su ji nauyin faɗin Garba fiye da yadda za su ji nauyin faɗin Abubakar, tunda da shi aka san shi. Ranar da aka yi masa takwara, duka sunayen biyu sun haramta ga bakin matan gidan, dole a nemo na uku. Da haka mayafi yake komawa abin da ake rufewa.

Alamomin wannan tsufa a bayyane suke. Na farko, laƙabin yakan rabu da ma'anarsa ta ƙirga ko ta rana, a sami Rabi'u wanda shi ne ɗan fari a gidansu, ko Ɗanjuma da aka haifa ranar Talata, saboda wani Rabi'un ko wani Ɗanjuman aka yi wa takwara. Na biyu, yakan rabu da aƙidar da ta haife shi, a sami Tijjani a gidan da ba a yin wazifa, domin sunan kaka ne aka mayar. Na uku, yakan rabu da sunan da yake rakiya, har liman ya raɗa Aminu ko Kabiru ko Bello kai tsaye, ba tare da Muhammadu a gabansa ba. Na huɗu, yakan haura ya zama sunan zuriya baki ɗaya, kamar yadda ya faru da Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, wanda laƙabinsa ya samo asali daga Tata, matar da ta raine shi, kuma yau jikoki da tattaɓa-kunne suke ɗauke da shi a takardunsu. Hatta Abba, wanda a da ba ya nufin komai sai mai sunan uba, ya tsaya da ƙafarsa, domin da shi aka san gwamnan Kano da ya hau mulki a 2023, Abba Kabir Yusuf, a takardar zaɓe da wajenta.

Ta wannan fuska ce ya kamata a fahimci laƙubban da suka yi tashe a birane cikin shekarun baya-bayan nan. Masu kukan cewa iyayen zamani sun watsar da Garba da Sanda da Iro saboda ƙyamar gargajiya sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma sun manta cewa Garba da Sanda su ne kakannin yanzu, ba za a iya sakaya sunansu da sunansu ba. Abin da iyayen suka yi shi ne komawa rumbun Larabci su ɗebo sabo, kuma yaɗuwar makarantun Islamiyya ta sa sun ɗebo shi da furucin da ya fi kusa da na asali: Sadiku ya dawo a matsayin Sadiq, Faruku ya zama Faruq, Halilu ya zama Khalil, an jefar da wasalin ƙarshe, an kuma shigo da haruffan da ba na ƙa'idar rubutun Hausa ba. A gurbin Abba da Magaji sai ga Walid da Khalifa, a gurbin Mai sunan Sarki sai ga Amir da Sultan, daga Turanci kuma sai ga Daddy, wanda ba komai ba ne illa Abba da aka sauya wa riga. Har akwai masu kiran Usman da Affan, alhali Affan sunan mahaifin halifa na uku ne, abin da yake nuna cewa an fi kula da daɗin lafazin da sabuntarsa fiye da daidaiton nasabar.

Inda sauyin ya yi zurfi shi ne laƙubban da ba su da wata igiya da ta ɗaure su da sunan yanka, waɗanda uwa take zaɓa daga jerin sunaye a wayarta ko daga littafin hikaya ko fim don sun yi mata daɗi a kunne. Irin waɗannan suna cika rabin aikin ne kawai, domin suna rufe sunan amma ba sa nuna shi. Tsohuwar da ta ji an kira yaro Shehu ba ta buƙatar tambaya, amma idan ta ji Aiman ko Arif dole ta ce, sunan wa ya ci? Wannan rashi ne na haƙiƙa, ko da yake bai kai girman da masu kukan suke ba shi ba, tunda tambayar tana da amsa a bakin kowace mace a gidan.

Laƙabi a gaban takarda

Abin da ya fi sauya lissafin zaɓen laƙabi a yau ba ɗanɗanon iyaye ba ne, takardun hukuma ne. Tsarin suna na Bahaushe, wato sunan yanka da laƙabi da sunan uba da sunan gari, bai dace da fam mai gurabe uku ba, wanda yake neman sunan farko da na tsakiya da na dangi. A da wannan bai dami kowa ba, domin malamin firamare yakan rubuta abin da wan yaron ya gaya masa ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, wani a rubuta shi da garinsu, kamar yadda aka san Sardauna da Ahmadu Rabah kafin a san shi da Ahmadu Bello, wani da laƙabinsa, kuma mutum yakan rayu da Usman a takardar haihuwa, Shehu a takardar makaranta, Usman Shehu a wurin aiki, ba tare da wani ya ɗaga gira ba. A Nijar kuma rajistar haihuwa ta ɗaure furucin gida da rubutun Faransanci, shi ya sa ake ganin Mahamadou, Issoufou, Laouali da Abdou a takardu.

Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta Nijeriya da dokar 2007, Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, hukumar JAMB kuma ta wajabta lambar NIN ga masu rajistar jarrabawa daga 2021, bambancin harafi ɗaya tsakanin takardu ya isa ya tsayar da asusun banki ko gurbin karatu, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Wannan ya sa iyaye masu lura suke yanke shawara tun ranar suna a kan ko laƙabin zai shiga takardar haihuwa a gurbin suna na tsakiya ko zai tsaya a tsakar gida, kuma laƙubban hanya ta biyu su ne suka fi cin moriyar wannan, domin Abubakar Sadiq da Umar Faruq da Ibrahim Khalil suna cika gurabe biyu ba tare da wani ya ga baƙon abu ba, alhali Daddy ko Mai sunan Malam ba su da wurin zama a fam.

Sakamakon da ba a yi tsammani ba shi ne takarda ta gaggauta tsufan da aka bayyana. Garba da Shehu sun ɗauki zuriya bayan zuriya kafin su tsaya da ƙafarsu, amma laƙabin da aka rubuta a takardar haihuwa ya zama suna a hukumance tun jaririn bai yi arba'in ba, kuma shi ne zai koma sunan uba a takardun 'ya'yansa. Yaran da aka kira Khalifa da Amir a shekarun 1990 sun riga sun fara yin aure, matansu sun fara jin nauyin faɗin waɗannan sunaye, kuma a gidajen da aka fara yi musu takwara, matan ɗakin maijego sun koma kan tambayar da kakanninsu suka yi a kan Garba.